Zama da Maƙiyi a Tabarma Ɗaya: Nazarin Fim ɗin Deeyah Khan

A shekara ta 2016 gidan talabijin na BBC ya yi hira da wata mace mai suna Deeyah Khan a kan zaman cuɗanya tsakanin kabilu da addinai a Ingila. Cikin hirar ta ce ƙasar ba za ta sake zama ta farar fata zalla ba, saboda haka ya kamata mazaunanta su koyi zama tare. Maganar ta bazu a intanet, sai saƙonni suka yi ta zubo mata kamar ruwan sama, waɗansu na zagi, waɗansu na barazanar fyaɗe da kisa. Ita Musulma ce, an haife ta a Oslo ta ƙasar Norwe a 1977, mahaifinta daga Pakistan, mahaifiyarta daga Afganistan. Maimakon ta ɓuya, sai ta ɗauki na'urar ɗaukar hoto ta tafi Amurka don ta zauna ido da ido da irin mutanen da suke ƙin ta.

Abin da ta komo da shi shi ne fim mai suna White Right: Meeting the Enemy, wato saduwa da maƙiyi a cikin masu fifita farar fata. An fara nuna shi a Ingila a watan Disamba 2017, tsawonsa kusan awa ɗaya, ya kuma sami lambar yabo ta Emmy a 2018. Fim ne da ya cancanci kallo. Amma wanda ya kalle shi ya tsaya a nan zai tashi da rabin gaskiya, gama ya nuna yadda ake fid da mutum ɗaya daga rijiya, bai nuna masu haƙa rijiyar da masu rufe bakinta ba.

Abin da fim ɗin ya nuna

Tsakiyar labarin ita ce garin Charlottesville a jihar Birjiniya. Hukumar garin ta yanke shawarar kawar da mutum-mutumin Robert Lee, shugaban sojojin jihohin kudu waɗanda suka yi yaƙi don a ci gaba da bautar da baƙar fata. Ƙungiyoyin 'yan Nazi da na Ku Klux Klan da ire-irensu suka taru don su hana. A daren 11 ga Agusta 2017 suka ratsa filin jami'a riƙe da wutar jiniya suna ihun ƙin Yahudawa, a daidai lokacin da masu bi suke addu'a a wata majami'a a ƙetaren hanya. Kashegari wani saurayi daga cikinsu ya kutsa da mota cikin taron masu hamayya da su, ya kashe Heather Heyer, 'yar shekara 32, ya ji wa mutane da dama rauni.

Deeyah Khan tana wurin, tana tafe tare da ƙungiyar National Socialist Movement, wadda take bin aƙidar Hitila a fili. Shugabanta Jeff Schoep ya riƙe ta tun 1994. Wurin da ya fi taɓa zuciya a fim ɗin shi ne inda ta zauna da shi, ta nuna masa hotonta tana ƙaramar yarinya, ta karanta masa zagin da aka aiko mata, sa'an nan ta tambaye shi ko shi ma zai kira ta da waɗannan sunaye. Mutumin da ya saba tsayawa gaban taro yana ihu sai ga shi yana kame-kame, ya kasa haɗa ido da ita.

Nan ne gwanintarta take. Ba ta yin gardama a kan tarihi ko lissafi, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma ɓoye ko ita wace ce. Tambaya take yi, ta yi shiru, ta bar mutum ya ji nauyin maganarsa da kansa. Ƙiyayya tana da sauƙi muddin wanda ake ƙi ba shi da fuska. Da ta ba su fuskarta da sunanta, sai aƙidar ta fara yi wa waɗansunsu nauyi a baki.

Aikin kuwa ya ba da 'ya'ya. Kafin fim ɗin ya ƙare, Brian Culpepper, kakakin ƙungiyar, ya kira ta ya shaida mata zai fita. Ken Parker, wanda aka nuna yana shirya takardun ƙin Yahudawa don ya watsa a unguwanni, ya fita bayan 'yan watanni. Ya ce kulawar da ta nuna masa sa'ad da zafin rana ya galabaitar da shi a Charlottesville ta tsaya masa a rai. Daga baya ya saba da wani maƙwabcinsa, fasto baƙar fata a Jacksonville ta jihar Fulorida, ya tsaya gaban ikilisiyar ya furta abin da ya kasance, aka yi masa baftisma a teku a watan Yuli 2018. Schoep kansa ya bar ƙungiyar a 2019. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma ba wanda zai raina wannan.

Waɗanda alheri bai motsa ba

Kasawa ta fari ita ce fim ɗin bai tsaya ya auna iyakar hanyarsa ba. Waɗanda suka yi laushi mutane ne da rayuwa ta buga, masu neman inda za a karɓe su. Amma ta kuma zauna da Richard Spencer da Jared Taylor, masu ilimi da abin hannu, waɗanda suke tsara wa sauran kalmomin da za su faɗa. Su kam ko gezau ba su yi ba. Fim ɗin ya nuna su ya wuce, alhali a hannunsu matsalar ta fi girma.

Taylor shi ne ya zama kakakin ƙungiyar Council of Conservative Citizens a 2015, kuma sunan nan yana kai mai karatu ga wani labari da ya kamata a ajiye kusa da na Parker. Wani saurayi ɗan shekara 21, Dylann Roof, ya rubuta da hannunsa cewa binciken da ya yi a Google ne ya kai shi shafin wannan ƙungiya, daga nan tunaninsa ya juya. A ranar 17 ga Yuni 2015 ya shiga majami'ar Emanuel ta baƙar fata a Charleston lokacin nazarin Littafi Mai Tsarki. Suka marabce shi, suka ba shi wurin zama. Ya zauna da su kusan awa guda, sa'an nan ya fid da bindiga ya kashe mutum 9, har da fastonsu Clementa Pinckney. Ya ga fuskokinsu, ya ji muryoyinsu, ya ɗanɗana alherinsu. Abin da ya sha a ɓoye a gaban kwamfuta ya riga ya fi ƙarfin awa ɗaya ta zumunci.

Rijiyar da ba a nuna ba

Kasawa ta biyu ta fito daga ta farin. Fim ɗin ya fara da saƙonnin intanet, amma bai bi sawunsu zuwa inda suka fito ba. Tun 1995 wani tsohon shugaban Klan, Don Black, ya buɗe shafin Stormfront. A 2013 aka buɗe Daily Stormer, wanda ya ƙware wajen naɗe ƙiyayya cikin raha don ta shiga kunnen samari, yana kuma tura mabiyansa su taru a kan mutum ɗaya da zagi. Taron Charlottesville ma an shirya shi ne a ɗakunan hira na Discord. Mace ɗaya da na'urar hoto za ta iya zama da mutum goma cikin shekara, amma waɗannan wurare suna magana da dubbai kowane dare.

Akwai waɗanda suka tunkari wannan gefe, fim ɗin kuwa bai ba su murya ba. Sa'ad da Daily Stormer ya yi wa Heather Heyer ba'a bayan mutuwarta, matsin jama'a ya sa kamfanonin GoDaddy da Google da Cloudflare suka janye masa hidimarsu a cikin 'yan kwanaki. Wata ƙungiyar 'yan jarida mai suna Unicorn Riot ta fallasa hirarrakin Discord, inda aka ga ana tattauna makamai da bugun mutane da mota tun kafin ranar. Da taimakon waɗannan hujjoji mutum 9 da abin ya shafa, cikinsu har da wani fasto, suka kai masu shirya taron ƙara. A watan Nuwamba 2021 kotu ta same su da alhaki, aka ɗora musu diyyar sama da dala miliyan 25, ko da yake daga baya an rage kuɗin ƙwarai. Bayan kisan mutum 51 a masallatai biyu na Christchurch a Niyu Zilan ranar 15 ga Maris 2019, wanda maharin ya watsa kai tsaye a Facebook, kamfanin ya ce ya cire kofi miliyan 1.5 na hoton cikin kwana ɗaya. Wata biyu bayan haka shugabannin Niyu Zilan da Faransa suka tara gwamnatoci da kamfanoni don su ɗauki alkawarin hana irin wannan. Duk wannan aiki ne marar ban sha'awa a fim, amma rigakafi ya fi magani.

Su ma masu yaƙi da 'yan fasist ba su kuɓuta daga laifi ba, kuma fim mai cikakken adalci da ya nuna hakan. Bayan taron, waɗansu suka shiga baza hotunan masu zanga-zangar a Twitter don a gane su a kore su daga aiki. An gane waɗansu daidai. Amma an ɗora hoton wani a kan wani malamin jami'a a jihar Arkansas wanda ko kusa da garin bai je ba, aka baza inda yake zaune, har ya bar gidansa ya kwana wani wuri don tsoro. Magana zarar bunu ce. Wanda ya ba da shaidar zur don yana gāba da mugunta, shaidar zur dai ya bayar. A ɗaya gefen kuma, malamin nan Cornel West, wanda ya tsaya cikin sahun limaman da suka riƙe hannuwan juna a ranar ba tare da makami ba, ya shaida cewa da ba don matasan masu hamayya da 'yan fasist sun tsaya tsakani ba, da an murƙushe su. Wannan tambaya ce mai wuya ga duk wanda ya ƙi tashin hankali, fim ɗin kuwa ya kauce mata.

Tuba da biyan hakki

Kasawa ta uku ita ce ta fi shafar masu bi. Na'urar hoton tana kan masu laifi kusan kowane lokaci, mai kallo yana jin ƙuruciyarsu da kaɗaicinsu har ya fara tausaya musu. Waɗanda aka cuta kaɗan ne suka sami wuri. Akwai Pardeep Kaleka, wanda wani mai wannan aƙida ya kashe mahaifinsa a wurin ibadar mabiya addinin Sikh a jihar Wiskonsin a 2012, amma shi ma an kawo shi ne a matsayin abokin wani tsohon ɗan ƙungiya da ya tuba. Haɗarin shi ne mai kallo ya ɗauka aikin wanda aka zalunta ne ya je ya warkar da azzalumi, wanda ya kasa kuwa a ga baikensa.

Fitar Schoep ma tana da kan gado biyu. Yana cikin waɗanda aka kai ƙara. A farkon 2019 takardun ƙungiyarsa suka koma hannun wani baƙar fata mai fafutuka, James Stern, wanda ya ce tsoron shari'ar ne ya sa Schoep ya miƙa masa, shi kuma Schoep ya ce yaudararsa aka yi. Daga baya ya shiga yin magana a fili gāba da aƙidar da ya yi wa hidima shekara 25, yana kuma ambaton Deeyah Khan cikin waɗanda suka sa ya sake tunani. Allah kaɗai ya san zuciya. Abin da ido ya gani shi ne tausayi da shari'a sun iske shi a lokaci ɗaya, kotu kuma ba ta yafe masa alhakin 2017 don ya fita ba. Haka ya dace. Zakka bai tsaya ga karɓar baƙo a gidansa ba, sai da ya ɗauki alkawarin mayar wa waɗanda ya cuta ninki huɗu. Ƙungiyar ma ba ta mutu da fitar Schoep ba, wani ne ya hau kujerar.

Abin ɗauka

Aƙidar fifita farar fata ta Amurka da Turai ce, amma na'urar da take yaɗa ta tana cikin aljihun kowa. A watan Yuni 2018 hotunan gawawwaki suka bazu a Facebook a jihar Filato ta Nijeriya, waɗansunsu ma ba a ƙasar aka ɗauke su ba, 'yan sanda kuwa suka shaida wa BBC cewa sun ƙara rura wutar kashe-kashen. Wanda ya tura hoto bai bincika ba ya zuba ruwa a rijiyar da wani zai sha.

Labarin Shawulu yana da mutum biyu da suka dace a tuna. Hananiya ya san abin da mutumin ya zo yi a Dimashƙu, duk da haka ya tafi wurinsa ya kira shi ɗan'uwa. Masu bi na Urushalima kuwa ba su buɗe masa ƙofa ba sai da Barnaba ya tsaya ya ba da shaidar abin da ya gani, kuma ba a zarge su don sun yi hattara ba. Fim ɗin Deeyah Khan ya nuna aikin Hananiya da kyau ƙwarai, da ƙarfin halin da ba kowa yake da shi ba. Ikilisiyar da za ta nuna wa matasanta shi ta yi daidai, muddin dattawa sun zauna da su bayan an gama, sun ba su labarin mutum 9 na majami'ar Emanuel da na malamin Arkansas, sun kuma tambaye su abin da suke karantawa da abin da suke turawa a wayoyinsu da dare.