Jinjina ga masu bin warin mai

A watan Afrilu, idan zafi ya haura digiri 40 a Adar, fetur ba ya zama lafiya cikin tsohuwar mota. Tururi yake komawa a cikin tiyo, famfon mai ya yi ta jan iska, Peugeot 504 ta mutu a hanyar Affala da buhunan hatsi a kanta.

Makanikan garejojin Tawa sun san wannan ciwon. Bakanike yakan sunkuya ya shinshina, ya bi tiyon da yatsa tun daga tanki har kafireta, sai ya gano tsagar da ido bai gani. Ya busa ƴar kafar murfin tanki da ƙura ta toshe. Ya naɗe famfo da jiƙaƙƙen tsumma ya huce, ya kauda tiyo daga jikin salansa.

A Amurka, tun 1971 ake sa wa sababbin motoci gwangwanin gawayi mai shanye tururin man da ke tashi daga tanki. Yawancin tsofaffin motocinmu ba su da shi. Hancin bakanike da haƙurinsa ke hana mai tsiyaya, ke hana gobara. Da aikinsa majinyacin ƙauye ke isa asibitin Tawa kan lokaci.