Malamar da ta iya karanta kuskure

Akwai malamin da jan biro kaɗai ya sani. Ɗalibi ya miƙa rubutu, a bi shi layi-layi ana zanewa, a mayar masa da takarda ta yi jawur. Yaro ya san ya yi laifi, amma bai san daga ina laifin ya taso ba, gobe ma sai ya maimaita. Akwai kuma malamin da in ya ga kuskure yakan dakata ya bi sawunsa, kamar maharbi, har ya gano tunanin da ya haife shi. Wannan gwaninta ta daɗe tana burge ni, kuma wadda ta fi kowa fito da ita fili ita ce Mina Shaughnessy, malama a City College da ke birnin New York a Amurka.

A 1970 jami'ar birnin ta buɗe ƙofarta ga duk wanda ya kammala sakandare a garin. Dubban 'ya'yan talakawa suka shigo, baƙaƙen fata da 'yan asalin Puerto Rico da 'ya'yan baƙin haure. Da malamai suka ga rubutunsu, gwiwar da yawa ta yi sanyi, wasu ma suka yanke cewa waɗannan yara ba za su koyu ba. Ita kuwa Shaughnessy zama ta yi da rubutun ɗalibai wajen 4,000, tana karantawa tana ware kurakuran iri-iri. Abin da ta gano shi ta zuba a littafinta Errors and Expectations, wanda ya fito a 1977.

Ta nuna cewa kurakuran nan ba na shirme ba ne, kowanne da dalilinsa. Mai magana yana da murya, yana da hannu da fuska, yana kallon idon mai sauraro ya san ko an gane. Da ya ɗauki alƙalami duk waɗannan sun tafi, an bar shi da aya da waƙafi, alamomin da kunne bai taɓa jin su ba. Shi ya sa ɗalibi yakan yi ta jera waƙafi ya ƙi sa aya, don a ransa zancen bai ƙare ba. Wani kuma jimlarsa takan sarƙe a tsakiya saboda yana ƙoƙarin yin irin maganar manyan littattafai, ya ɗauko kayan da bai riga ya iya ɗaurewa ba. Wanda ya fi taɓa ni shi ne yaron da a gidansu ba a furta harafin s na ƙarshen kalmar Turanci. Da aka yi ta yi masa faɗa, sai ya shiga liƙa harafin har inda ba wurinsa ba. Mai jan biro zai ce abin ya ƙara lalacewa. Mai ido zai gane yaron ya ji akwai doka, iyakarta ce kawai bai kama ba tukuna.

A aikace, gwanin malami ba ya ƙirga kurakurai, iri yake ƙirgawa. Zane ashirin a takarda ɗaya sau da yawa saiwarsu uku ce. Sai ya zaɓi guda, ya zauna da ɗalibi, ya tambaye shi me yake nufi a nan. Wani malami mai suna David Bartholomae ya ƙara wata dabara a 1980: ya sa ɗalibi ya karanta rubutunsa da ƙarfi, sai ya ji yaron yana gyara kurakurai masu yawa da bakinsa ba tare da ya lura ba. Ashe ya san daidai ɗin, ido da hannu ne suka yi tuntuɓe. Irin wannan ɗalibi koyon bitar rubutu yake bukata, ƙarin darasin nahawu ɓata masa lokaci ne.

Mu ma masu koyar da Hausa muna gamuwa da wannan kullum. Yaron da ya rubuta nagode ko shine a haɗe kunnensa ya bi, domin a numfashi ɗaya baki yake fitar da su. Abin da zai amfane shi a nuna masa cewa na da shi da ne kowacce kalma ce mai zaman kanta, a sa shi ya gwada sauya su: ka gode, ita ce.

Kada a zaci Shaughnessy cewa ta yi a bar kuskure ya wuce. Ta san mai karatu haƙurinsa gajere ne, kuma ɗan talaka ne yake kwana a ciki idan aka raina rubutunsa. Gyaran take so, amma gyaran da ya fara da fahimtar mai rubutun. Ta rasu a 1978, shekara guda bayan fitowar littafin, tana da shekara 54. Mujallar da ta kafa a 1975 don nazarin rubutun irin waɗannan ɗalibai, Journal of Basic Writing, ta ci gaba da fitowa shekaru masu yawa bayan rasuwarta.