Mai Gadin Ƙofar Ruwa A Cikin Inji

A wata rana cikin watan Afrilu, ina kan titin Zariya a Kano, allurar zafin injin motata ta bar tsakiya ta fara hawa. Kafin in kai Unguwa Uku ta kusa taɓa jan layi. Na gangara gefen titi na kashe mota, ina jin ruwa yana ɓararraka a cikin inji kamar tukunyar da aka manta a kan murhu. Mutum biyu suka tsaya yi mini sannu, kuma bakinsu ya zo ɗaya: "Alhaji, tamostat ne. Ka sa a cire a yar, ai na ƙasar sanyi ne."

Duk mai mota a ƙasar nan ya taɓa jin wannan magana. Yawancin motocinmu na hannu ne, an hau su a Turai ko Amurka kafin su sauka a Legas ko Kwatano, kuma da yawa daga cikinsu ba sa wata guda a hannun sabon mai su kafin a raba su da wannan ɗan ƙarfe. Ni dai Allah ya sa garejin da aka jawo motar tawa zuwa cikinsa na wani dattijon bakanike ne wanda ba ya cire abu sai ya tabbatar da laifinsa. Abin da na gani a hannunsa ranar shi nake so in ba da labari.

Bai ɗauki sufana ba. Ya sa yaronsa ya ɗaga bonet, ya nuna mini benci, ya ce, "Malam, zauna. Sai ta huce." Murfin lagireto yana riƙe ruwan inji a matse, kuma ruwan da ke matse yana iya wuce digiri 100 na ma'aunin Salshiyas da nisa, har wajen 120, bai tafasa ba. Da zarar an murɗe murfin, matsin ya tafi, ruwan nan sai ya tashi gaba ɗaya ya zama tururi a fuskar mai buɗewa. Kanikawa da yawa suna ɗauke da tabon wannan gaggawa a hannuwansu.

Lokacin jiran bai tafi a banza ba, domin tambayoyi ya yi ta yi mini. A cunkoso allurar ke hawa, ko a kan gudu? Kana ƙara ruwa kullum? Ka ga farin hayaƙi a salansa? Sai daga baya na gane cewa kowace tambaya wani wanda ake zargi take wankewa. Motar da ke zafi a cunkoso kaɗai, ta huce idan ta samu hanya, fankarta ake fara tuhuma. Wadda ke shan ruwa kullum tana yoyo a wani wuri. Wadda sai an taka ta a doguwar hanya take zafi, galibi lagiretonta ne ya toshe da tsatsa. Farin hayaƙi mai kauri kuwa yana nuna gaskit ɗin kan inji ya ƙone, ruwa yana shiga inda wuta take. Tawa ba ta shan ruwa, ba ta hayaƙi, kuma minti kaɗan bayan tayarwa take yin zafi, ko a tsaye ko a tafe.

To mene ne shi tamostat ɗin? Ƙofa ce da ke tsakanin inji da lagireto, girmanta bai kai tafin hannu ba. Inji yana ƙona fetur, ruwa yana zagaya jikinsa yana kwashe zafi, famfon ruwa yana tura shi zuwa lagireto inda iska ke sanyaya shi, sannan ya dawo. Amma inji ba ya son sanyi. An ƙera shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90. Saboda haka da safe ƙofar nan a rufe take, ruwa yana kewaya cikin inji kaɗai har ya ɗumama. Idan ya kai zafin da ake so, ta buɗe. Idan ya fara hucewa fiye da kima, ta rage buɗuwa. Haka take yi duk tsawon tafiya, ba waya, ba batir, ba mai ba ta umarni.

Sirrin yana cikin wani ɗan kofin tagulla da ke gindinta, wanda bai fi kan babban yatsa ba. An cika shi da wani irin kaki, dangin na kyandir, aka dasa siririn ƙarfe a tsakiyarsa. Kaki idan ya narke yana kumbura sosai, kuma tunda kofin a rufe yake ruf, ba shi da wurin zuwa sai ya tura ƙarfen nan waje, turawar kuma ita ke buɗe ƙofar. Idan ruwa ya huce, kakin ya daskare ya tsuke, wani sifirin mai ƙarfi ya mayar da ƙofar mazauninta. Masu ƙerawa suna haɗa kakin ta yadda zai narke a daidai zafin da suka zaɓa, su buga lambar a jikin ƙarfen: wani 82, wani 88. Wani mai ƙirƙira da ake kira Sergius Vernet ne ya fito da wannan dabara a shekarun 1930, kuma har yau ita ce a cikin mafi yawan motocin da ke kan titi. Ni wannan yana ba ni mamaki ƙwarai: injin da kwamfuta ke sarrafawa, amma lafiyarsa a hannun ɗan kakin da bai cika cokali ba.

Da motar ta huce, dattijon ya buɗe murfin lagireto ya leƙa, ruwa cike. Ya duba robar murfin, ba ta tsage ba. Ya zaro sandar auna baƙin mai ya goga a yatsa, man bai yi fari-fari kamar an zuba masa madara ba, wato ruwa bai haɗu da shi ba. Ya danna bel ya ji ƙarfinsa. Sannan ya rufe murfi ya ce a tayar.

Daga nan aikin ya koma tafin hannu. Lagireto yana da manyan tiyo biyu, na sama mai kawo ruwan zafi daga inji, na ƙasa mai mayar da wanda ya huce. A motoci da yawa tamostat yana bakin tiyon sama, amma a irin Corolla tawa yana inda tiyon ƙasa ya shiga inji. Ya tsaya yana taɓa wannan, yana taɓa wancan, idonsa na komawa kan allura. Ta kai tsakiya, ta wuce. Tiyon ƙasa sanyi ƙalau. Fanka ta tashi da kanta, ya kai hannu bayanta, iskar da take jawowa ta cikin lagireto ba ta da zafi. Inji yana neman tafasa, lagireto kuwa bai san ana yi ba.

Duk da haka bai yanke hukunci ba, domin famfon ruwa da ya mutu ma yana iya kawo irin wannan. Sai ya yi abin da ya sa yaransa suka matso suna kallo: a tsakiyar zafin bazarar Kano, ya shiga mota ya kunna hita. Iska mai zafi ta buso. Hitar mota da ruwan inji take ɗumama iska, kuma hanyarta ba ta bi ta ƙofar tamostat. Tunda ruwan zafi yana isa can, famfo yana turawa ke nan. Saura mai laifi ɗaya. Ya kashe mota ya ce, "Ya maƙale a rufe."

Ya kuma gaya mini yadda ɗaya ciwon yake, wanda mutane ba sa kawowa gareji don ba ya ba su tsoro. Idan ƙofar ta maƙale a buɗe, allura ba ta kaiwa tsakiya, kuma idan an hau babbar hanya da sanyin asuba sai ta ƙara sauka. Tiyon lagireto yana fara ɗumi a hankali tun daga tayarwa, maimakon ya jira sai inji ya yi zafi. A motocin zamani wutar gargaɗin inji takan kama, idan aka sa na'urar bincike ta nuna lamba P0128.

Bayan an sake jiran hucewa, ya tura roba ƙarƙashin lagireto ya kwance ɗan makunnin da ke gindinsa, ruwa ya tsiyaye. Ya hana yaron zubar da shi a ƙasa. Sinadarin sanyaya inji yana da zaƙi-zaƙi kuma guba ne, akuya ko kyanwa ta lasa tana iya mutuwa, ga kuma yaran unguwa suna wasa a wurin. Noti biyu ne ke riƙe da murfin gidan tamostat, na sufana mai lamba 10, a wani lungu kusa da altaneto inda hannu ke shiga da kyar. Ya sassauta wannan kaɗan, ya sassauta wancan kaɗan, har suka fita. Kafin ya zaro ƙarfen sai da ya nuna wa yaron yadda yake zaune, ya ce ya riƙe a ransa.

Ya ba yaron tsohon tamostat ɗin a hannu ya aike shi Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota, ya ce ya haɗa su ido da ido: faɗi ɗaya, tsawo ɗaya, lamba 82, da sabuwar robar gefe. Da ya dawo, dattijon ya ɗora tsohon gwangwani a kan risho, ya ɗaure tsohon da sabon da waya ya rataye su a cikin ruwa, bai bar ko ɗaya ya taɓa gindin gwangwanin ba, don gindin ya fi ruwan zafi kuma zai sa gwajin ya yi ƙarya. Ya tsoma ma'aunin zafi. Muka yi shiru muna kallo. Da ya haura 80, bakin sabon ya fara rabuwa, siririn tsagi kamar kaurin farce. Kafin ruwa ya tafasa ya buɗe kusan santimita guda. Tsohon yana rataye kusa da shi, ko motsi. Ya tsamo sabon ya ajiye a iska, muka ga yana rufewa a hankali har ya koma ruf. Gani ya kori ji. Na tambaye shi dalilin gwada sabo fil daga kwali, ya ce jabu ya yi yawa a kasuwa, kuma gara ya gane shi a cikin gwangwani da ya gane shi a hanyar Kaduna.

Mayarwar ba ta daɗe ba, amma a nan ƙananan abubuwa suke. Ya goge mazaunin tas da tsumma, ya kankare tsatsa ba tare da ya karce ƙarfen ba. Ya sa sabuwar roba a gefen tamostat. Ɓangaren sifirin da kofin kaki ya fuskanci cikin inji, domin nan ne zai ji zafin ruwa. Idan aka juya shi, motar za ta yi zafi kamar ba a yi komai ba. A gefen faifan akwai ɗan rami da wani ƙaramin ƙarfe mai lilo a ciki, kamar ɗan kunne. Ya juya har wannan rami ya kalli sama, saboda iska sama take tashi, kuma ta nan take kuɓucewa lokacin zuba ruwa. Ya fara ɗaura notin da yatsa, sannan da sufana, ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya da wuri. Murfin ba ƙarfe mai tauri ba ne, mai ɗaurewa da dukkan ƙarfinsa tsaga shi yake yi.

Bai yarda a cika da ruwan rijiya ba. Ya ce irin wannan ruwa ne ya ci tsohon tamostat ɗin: tsatsa da farin gishirin da ruwan ke bari sun kama siririn ƙarfen. Ya zuba ruwan sanyaya inji na galan a hankali, yana matsa tiyo da hannu, kumfa na fitowa. Ya tayar da mota murfi a buɗe, hita a kunne, yana ƙarawa duk lokacin da ruwan ya sauka, domin iskar da ta ɓuya a cikin inji tana tare ruwa kamar yadda mataccen tamostat ke yi. Can sai ruwan ya nitse a lokaci ɗaya, tiyon ƙasa ya yi zafi a hannunsa. Ƙofa ta buɗe. Ya cike, ya rufe, ya jira fanka ta tashi ta tsaya sau biyu, ya leƙa ƙarƙashi ko akwai ɗigo, sannan muka zaga gari. Allura ta zauna a tsakiya kamar an kafe ta da ƙusa.

A hanya na kawo masa maganar mutanen bakin titi. Ya ce idan mota ta kama ka a daji, cirewa ka kai kanka gida ba laifi ba ne, amma a mayar da sabo washegari. Ni kuma da na yi lissafi sai na ga maganar ƙasar sanyi ba ta tsaya ba. Ranar da Kano ta fi zafi iska tana ɗan haura digiri 40, inji kuwa 90 yake so. Da safiyar hunturu tazarar ta fi haka nesa. Injin da ba ya kai zafinsa, kwamfutar mota tana ta ƙara masa fetur don tana ganin har yanzu bai ɗumama ba, ga kuma tsadar fetur. Baƙin mai ba ya samun zafin da zai kore danshi da fetur ɗin da suka shiga cikinsa, fistin da zobensa suna cinyewa da wuri. A wasu injina ma akwai faifai na biyu a gindin tamostat wanda ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji. Idan babu shi, wani ruwan zafin ba ya zuwa lagireto sam. An gudu gara an faɗa gidan zago. Mai cirewa ya yar, ya haɗa fanka kai tsaye, ya gama cikin minti goma sha biyar, amma toshewar lagireton ko mataccen murfin da ya jawo zafin tun farko yana nan bai taɓa shi ba. Dattijon nan ya kusa cinye rabin yini a kan ƙarfen da kuɗinsa bai kai na cika tanki ba, ya kuma ce in dawo da safe ya sake duba ruwa. Na dawo, ya ƙara kusan rabin kofi.

Mai karatu, idan motarka ta hannu ce, gobe da safe ka lura da allurar zafi: cikin 'yan mintoci ya kamata ta kai tsakiya ta tsaya. Idan ba ta kaiwa, ka tambayi bakanikenka ko tamostat ɗinka yana ciki. Idan kuma ya ce zai cire, ka roƙe shi ya fara rataye shi a gwangwanin ruwan zafi a gabanka.