Littafin tarihi ɗaya, ajin ƙasa biyu

A shekarar 2006 aka fitar da kashi na farko na Histoire/Geschichte, littafin tarihi na 'yan sakandare da malaman Faransa da na Jamus suka rubuta tare. Kamfanonin Nathan da Klett ne suka buga shi, kuma abin da ke cikin bugun Faransanci shi ne ke cikin na Jamusanci. Matasan ƙasashen biyu ne suka kawo shawarar a 2003, sannan kashi na biyu da na uku suka biyo baya a 2008 da 2011. Ƙasashen nan sun gwabza yaƙi sau uku tsakanin 1870 da 1945, don haka aikin ba ƙarami ba ne.

Abin da ya fi burge mu shi ne inda marubutan suka kasa daidaitawa. Kan matsayin Amurka bayan 1945, Jamusawa sun fi kallonta a matsayin garkuwa, Faransawa kuwa suna ɗari-ɗari da ƙarfinta. Marubutan ba su rufa wa saɓanin asiri ba, sun bar ɗalibi ya ga fahimta biyu ya auna da kansa. Nan ne littafin ya yi amfani.

Rauninsa biyu ne. Ya fara da zamanin sulhu, har a wasu wurare yakan yi kama da yabon haɗin kan Turai. Sannan bai zama littafin kullum ba a yawancin makarantu, domin jihohin Jamus 16 kowace da manhajarta, Faransa ma ta sake tata. Littafin da jarrabawa ba ta tambaya, a kan kanta yake kwana.

Mu ma muna da irin wannan ƙulli. Da jihadi ya ci Katsina, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, tsohon gidan sarauta kuwa ya yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Gobirawa sun ƙare da zama a Tsibiri. Daga baya Ingila da Faransa suka ja iyaka a tsakani. Yau yaron Katsina yana karanta labarin da Turanci, na Maraɗi da Faransanci. Abin da wani gida ke kira nasara, wani gudun hijira yake kiransa, alhali kakanni ɗaya ne.

Idan malaman Nijeriya da na Nijar suka zauna rubuta littafi ɗaya, za a so a lallaɓa babin jihadi don kada a ɓata wa kowa. Muna ganin da wannan babin ya kamata a fara, a ajiye ruwayar Sakkwato kusa da ta Maraɗi, a rubuta da Hausar da yaran biyu ke ji, sannan a tabbata ya shiga jarrabawar ƙasashen biyu. In ba haka ba, kowane yaro zai ci gaba da tashi da rabin labarin gidansu.