Harbi Biyar a Cikin Ƙanƙara

Idan hunturu ya shigo Akra a watan Disamba, za ka ga mutanen Nima da Mamobi sun zaro rigunan sanyi da hular ulu, alhali ma'aunin zafi da wuya ya sauka ƙasa da digiri 20. Wanda yake son ɗanɗana irin sanyin da nake nufi, sai ya roƙi mai ɗakin ƙanƙara, inda ake ajiye kifi da kaji a Agbogbloshie ko bakin ruwan Tema, ya bar shi ya tsaya ciki na minti biyar. Irin waɗannan ɗakuna ana riƙe su ne a wajen digiri 18 ƙasa da sifiri. To, a sanyi mai kama da wannan, a fili, iska na kaɗawa, akwai mutanen da ke gudun zamiya a kan dusar ƙanƙara na kilomita goma ko ashirin, bindiga goye a baya, su tsaya su yi harbi biyar, su ci gaba da gudu. Bayatlon ake kiran wasan, kuma ban san wata gwanintar harbi da ta kai ta burge ni ba.

Asalinsa aikin soja ne. Dakarun da ke tsaron iyakar Norwe da Suwidin sun yi irin wannan gasa tun a 1767. Wasan ya shiga gasar Olamfik ta hunturu a 1960 a Amurka, mata kuma suka samu shiga a 1992 a Albertville ta Faransa. Da can manyan bindigogi ake amfani da su. A 1978 aka koma ƙaramin harsashi mai lamba .22, aka tsayar da nisan harbi a mita 50.

Shi wannan harsashi kaurinsa milimita 5.6 ne, nauyin dalmarsa bai kai giram uku ba. Maganin da ke kunna albarushinsa yana cikin leɓen gindin kwanso, ba a tsakiya ba, saboda haka allurar bindiga gefen take duka. Ba ya da ƙara sosai, ba ya naushin kafaɗa, kuma a nan wahalarsa take: ba ya rufa wa kowa asiri. Iska kaɗan sai ta karkatar da shi. Abin da ake harbi baƙaƙen faya-fayai ne guda biyar a jere. Idan a kwance rub da ciki za ka harba, faɗin inda za ka samu santimita 4.5 ne, idan a tsaye, santimita 11.5. Ba madubin kusanto da nesa a kan bindigar, sai ƙaramin rami a baya da zobe a gaba.

Maharbanmu masu bindigar toka sun san yadda laimar damina ke lalata albarushi. Sanyi ma yana da tasa ɓarnar. Albarushi ba ya ci da ƙarfi kamar a lokacin zafi, sai gudun harsashi ya ragu, ya faɗi ƙasa da inda aka saita. Dalmar kuma an shafe ta da wani kakin da ke sa ta sulɓi a cikin bututu. Idan kakin ya daskare, harbi biyar sai su watse wuri biyar. Shi ya sa kamfanoni irin su Lapua suke yin harsashi na musamman don sanyi, har da wanda suka sa wa suna Polar Biathlon. Ƙungiyoyi kan kai bindigoginsu ɗakin gwaji mai sanyi, a ɗaure bindiga a maƙale, a yi ta gwada harsashi rukuni-rukuni har a gano wanda ya dace da wannan bututun shi kaɗai. Abin da ya yi wa bindigarka daidai ba lalle ya yi wa ta abokinka ba. Wannan ɓangare na aikin ba a nuna shi a talabijin, amma ni a ganina rabin nasarar a nan ake cinta.

Ranar gasa, kafin a tashi, ana ba kowa lokacin daidaita saiti a kan takarda. Koci yana tsaye a baya da tabarau mai hangen nesa, yana faɗin inda kowane harsashi ya sauka, ɗan wasa yana murɗa ƙaramin maɓallin saiti, ƙas, ƙas, biyu hagu, ɗaya sama. Yana kuma haddace yadda ƙananan tutocin iska ke kaɗawa a wannan lokaci. In ya dawo cikin gasa ya tarar tutocin sun sauya, shi kaɗai zai yanke shawara, ya gyara ko ya jira.

Yanzu dubi mutumin da kansa. Ya iso wurin harbi zuciya na bugawa kusan sau 180 a minti, numfashi na fita kamar hayaƙi, gashin ido ya yi fari. Tun yana mita ɗari baya ya fara rage gudu. Ya sauke bindigar, wadda doka ta ce kada nauyinta ya gaza kilo 3.5, ya buɗe murfin da ke hana ƙanƙara shiga bakin bututu da saiti, ya cusa gidan harsashi mai cin biyar. Kunamar tana buƙatar matsin rabin kilo aƙalla, yatsan da zai ja ta kuwa sanyi ya kusa kashe shi. Sai ya fitar da rabin numfashi, ya riƙe, ya matsa a hankali har harbin ya fita. Yawancinsu bindigar Anschütz ta Jamus suke riƙewa, mai makullin da Peter Fortner ya ƙirƙiro: a ja da ɗan ali, a tura da babban yatsa, kunci bai bar jikin bindiga ba. Gwanaye kan gama harbi biyar cikin daƙiƙa 25 ko ƙasa da haka. Ba sa daɗewa, domin wanda ya tsaya jiran jiki ya huce, ƙafafunsa ne za su fara rawa.

Duk kuskure ɗaya, zagayen hukunci ɗaya ne na mita 150, ko kuma ƙarin minti guda a doguwar gasa. Sai sanyi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifiri kafin doka ta hana a tashi.

Gana ta taɓa leƙa wannan duniya ta ƙanƙara: Kwame Nkrumah-Acheampong ya yi zamiyar gangara a gasar Olamfik ta Vancouver a 2010, Akwasi Frimpong ya bi bayansa a Koriya ta Kudu a 2018 da wani wasan daban. Ina fatan wata rana mu ga ɗan zango da bindiga a baya, don akwai nau'in wasan da ake yi a bazara, a kan kwalta, da takalma masu taya.

Sunan da aka fi ambata shi ne Ole Einar Bjørndalen na Norwe, mai lambobin zinariya takwas na Olamfik, huɗu daga cikinsu a Salt Lake City a 2002. Amma harbin da nake so masu karatu su nema su kalla na Quentin Fillon Maillet ne, Bafaranshe, a gasar Beijin ta 2022. A tseren kilomita 12.5, dusar ƙanƙara na zuba, iska na juya tutoci, manyan gwanaye suna ta zagayen hukunci, shi ya harba ashirin, goma a kwance, goma a tsaye, bai kuskure ko ɗaya ba, ya ɗauki zinariya.