Linzamin Da Ya Fi Ƙarfin Bakin Kaza

'Yan uwa ɗalibai, akwai wata muhawara da ba ta ƙarewa a tsakanin samarinmu masu wasan kwamfuta a wannan yanki na Washington, musamman idan lokacin rangwamen ƙarshen watan Nuwamba ya gabato. Muhawarar kuwa ita ce: shin linzamin kwamfuta na wasa, wanda wasu ke kira ɓera, mai tsadar dala 150 ko 160, ya cancanci kuɗinsa, alhali ga wani na dala 40 rataye kusa da shi a kanti ɗaya? Masu goyon bayan mai tsada hujjarsu ɗaya ce, wato lambar nan da ake bugawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Ni kuwa ra'ayina shi ne, wannan lamba ita ce abu mafi ƙarancin amfani a cikin duk abin da mutum ke biya wa kuɗi, kuma zan kawo dalilaina.

Bari mu fara da ma'anar lambar. A ƙarƙashin kowane linzami na zamani akwai wani ɗan ido, wanda ƙaramar kyamara ce da ke ɗaukar hoton teburi sau dubbai a daƙiƙa guda, tana kwatanta hoto da hoto don ta gane ina hannu ya nufa. Haruffan nan uku, DPI, suna nufin yawan ɗigon da idon ke ƙirgawa idan ka ja linzamin tsawon inci ɗaya. Idan an saita shi a kan 800, jan inci ɗaya zai kai kibiyar da ke fuskar kwamfuta nisan ƙwayar hoto 800. Ke nan lambar ma'aunin gudu ce. Ba ta faɗa maka ko idon na bin hannunka da gaskiya, kamar yadda lambar ƙarshe a agogon gudun mota ba ta faɗa maka ko motar na da birki.

To, mu yi lissafi irin na 'yan aji uku. Fuskar kwamfutar da yawancinmu ke amfani da ita tana da ƙwayar hoto 1,920 daga hagu zuwa dama. A kan ɗigo 800, kana buƙatar jan hannu kusan inci biyu da rabi kafin kibiya ta ƙetare ta. A kan ɗigo 35,000, wanda shi ne abin da kamfanin Razer ya rubuta wa linzaminsa Viper V3 Pro da ya fito a 2024, motsin da bai kai milimita ɗaya da rabi ba ya isa ya watsa kibiyar daga wannan bango zuwa wancan. Kaurin tsinken ashana ya fi wannan. Wane hannu ne zai iya saiti a cikin irin wannan tazara? Bugun jinin da ke yatsanka ma ya isa ya kautar da kibiyar. Wannan shi ne ainihin linzamin da ya fi ƙarfin bakin kaza.

Tarihin wannan lamba ma abin dubawa ne. A 1999 Microsoft ya fitar da IntelliMouse Explorer, mai ido maimakon ƙwallon roba, kuma zuriyar wannan linzami, masu ɗigo 400 kacal, su ne 'yan wasan Counter-Strike suka riƙe shekara da shekaru. A 2005 Logitech ya kawo MX518 mai 1,600. A 2014 G502 ya zo da 12,000. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ya faru a 2020: Logitech ya ɗaga idonsa mai suna HERO daga 16,000 zuwa 25,600 ta hanyar sabunta manhaja kawai, kyauta, a kan linzaman da tuni suke hannun mutane. Ba a canza ƙarfe ba, ba a canza gilashi ba. Abin da za a iya ƙara wa kusan dubu goma ta intanet cikin dare ɗaya, ba shi ne ke sa kaya tsada ba. Gasa ce tsakanin kamfanoni, kowa na son kwalinsa ya fi na maƙwabcinsa girman lamba, domin lamba ce abin da mai saye ke iya kwatantawa a tsaye cikin kanti.

Idan ana son shaida, ba sai an je nesa ba. A watan Yunin 2023 an yi gasar BLAST Premier ta Counter-Strike a nan Washington, a zauren wasanni na unguwar Congress Heights, inda samarin Denmark na ƙungiyar Heroic suka doke Vitality a wasan ƙarshe. Tauraron Vitality, Bafaranshen nan ZywOo, wanda makonni kaɗan kafin nan ya ci babbar gasar Paris, an san shi da wasa a kan ɗigo 400. Haka ma s1mple na Yukren, wanda ya ci babbar gasar Stockholm a 2021. Galibin ƙwararrun wasannin harbi suna tsakanin 400 da 1,600 ne. Waɗannan mutane da wannan sana'a suke ci, kamfanoni kuma kyauta suke ba su kaya mafi tsada. Da a ce 30,000 na ƙara wa mutum saiti, da su ne za su fara rububinsa. Abin da suke yi shi ne su shimfiɗa faffaɗan tabarmar linzami, su rage gudu, su yi wasa da dukkan damtse maimakon yatsu.

Adalci ya sa in faɗi abin da masu ɗaya ra'ayin ke da shi. Gaskiya ne cewa tashi daga 400 zuwa 1,600, tare da rage gudu a cikin saitin wasan, na sa motsi ya yi laushi, kuma idon na saurin gane cewa hannu ya fara tafiya. Gaskiya ne kuma cewa mai babbar fuska ta ƙwaya 3,840, ko mai fuska biyu a jere irin na ɗaliban zane da injiniya, zai ji daɗin 1,600 ko 3,200. Amma ina wannan ya kai mu? Logitech G203, wanda aka sa wa farashin dala 40, yana kai 8,000. G305 marar waya, wanda ake samu a wajen dala 50 ko ƙasa, yana kai 12,000. Wato duk amfanin da ake samu daga yawan ɗigo, mai arahar ya riga ya ba ka shi har da ragowa.

Akwai lamba ta biyu da ta shigo kasuwa, ita ce yawan rahoton da linzami ke aika wa kwamfuta a daƙiƙa. Linzamin ofis na aikawa sau 125, wato kowane milisakan 8. Na wasa na aikawa sau 1,000, kowane milisakan 1. Wannan bambanci ne na gaske, hannu na jin sa. A 2021 Razer ya fitar da mai aikawa sau 8,000, wanda ribarsa a kan na 1,000 ba ta kai milisakan ɗaya ba. Yanzu ka auna wannan da fuskar kwamfutar tafi-da-gidanka ta ɗalibi, wadda ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, wato sai bayan kusan milisakan 17 take nuna maka sabon abu. Ka kuma auna shi da nisa. Mu a nan mun yi sa'a, domin arewacin Virginia, wajen Ashburn da Sterling, cike yake da manyan rumbunan kwamfutoci, kuma wasanni da yawa na da uwar garke a can. Amma ranar da ka ce za ka kara da ƙaninka da ke Kano, tazarar da ke tsakaninku ta haura kilomita 8,000, haske kuwa a cikin wayar gilashi kimanin kilomita 200,000 yake yi a daƙiƙa. Zuwa da dawowa kaɗai ya cinye milisakan 80, kafin a yi maganar layin wayarsa ko wutar lantarki. Babu linzamin da zai rage wannan.

Kada a fahimce ni da cewa mai tsada ba shi da komai. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. Sai dai abin da ake biya daban ne da abin da ake tallatawa. Ana biyan rashin nauyi: Viper V3 Pro giram 54 ne, G Pro X Superlight na 2020 bai wuce 63 ba, alhali G502 mai waya ya haura 120. Wanda ke wasa awa huɗu a jere zai ji wannan a wuyan hannunsa. Ana biyan rashin waya ba tare da jinkiri ba, da batir mai daɗewa, da maɓallan da ba sa saurin lalacewa. Sama da duka akwai siffa, wato yadda linzamin ke zama a tafin hannu, kuma wannan ba ta da alaƙa da farashi. Na dala 160 na iya yi wa mai dogayen yatsu kaɗan, na dala 40 ya zauna masa daram. Shi ya sa nake ba da shawarar mutum ya je kantin Micro Center na Rockville ko na Fairfax, ya ɗora hannu a kan waɗanda aka baje, kafin ya karanta ko harafi ɗaya a jikin kwali.

Sai maganar aljihu, wadda ita ce ta fi damuna. Ɗalibin da ya zo da bizar karatu doka ba ta ba shi damar aiki fiye da awa 20 a mako ba lokacin zangon karatu, kuma a cikin makaranta. Mafi ƙarancin albashi a jihar Maryland ya zama dala 15 a awa tun Janairun 2024. Linzamin dala 160, da harajin saye na kashi 6 cikin ɗari, ya kusa dala 170, wato fiye da awa 11 na tsayuwa a ɗakin cin abinci ko jera littattafai a laburare. Rabin mako ya tafi har da ɗoriya. Idan kuwa daga gida ake turo kuɗin, a canjin ƙarshen 2024 da dala ta haura naira 1,500, wannan ya zarce naira 250,000, a shekarar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashin Nijeriya a kan naira 70,000. Albashin wata uku da rabi na wani magidanci ke nan. Ban ce wasa laifi ba ne. Duk wanda ya yi hunturu a College Park ko Fairfax, duhu na shiga tun biyar na yamma, ya san amfanin abin da zai haɗa shi hira da abokai. Amma kuɗin da aka sha wahalarsa ya kamata ya sayi abin da hannu zai ji, ido zai gani.

Saboda haka ga hukuncina. Idan kana cikin ƙungiyar wasa ta jami'arku, kana atisaye kullum, kana da fuska mai sabunta hoto sau 240, to sayi mai tsada saboda rashin nauyinsa da siffarsa, ka kuma saita shi a kan 800 ko 1,600 kamar sauran ƙwararru. Idan kuwa irinmu ne, masu wasa daren Juma'a da Asabar bayan an gama aikin gida, na dala 40 zuwa 60 ya wadatar. Ragowar dala ɗarin, in dole sai an kashe ta a kan wasa, a ƙara a sayi fuska mai sabunta hoto sau 144 da faffaɗar tabarma, a kuma jona kwamfuta da wayar intanet maimakon dogaro da iska. Waɗannan ukun kowa zai ga bambancinsu a daren farko.

Ku 'yan uwa mata da ƙannenku ke aiko muku da sunan kaya daga gida, da ku yayye da za ku tafi hutu da tsaraba, idan yaro ya ce sai mai dubu talatin da biyar, ku tambaye shi a kan nawa yake saita wanda ke hannunsa yanzu. Amsar da zai bayar ita za ta nuna muku wanda ya kamata ku saya. Allah Ya sa albarka a cikin abin da muke nema.