Kai Magani Inda Jini Ba Ya Kaiwa

Sankarar tumbi idan ta dawo bayan tiyata, sau da yawa tantanin da ya lulluɓe hanji da bangon ciki take komawa. A can ba ta yin dunƙule guda da likita zai yanke ya cire. Warwatsuwa take yi ƙanana-ƙanana, kamar an watsa gero a tabarma. Sai ruwa ya taru, ciki ya kumbura, hanji ya riƙa toshewa, abinci ya gagara. Maganin kemoterafi da ake ɗurawa ta jijiya kuwa kaɗan ne ke isa wurin, domin jini ba ya ratsa waɗannan ƙullutai sosai.

A Japan, inda wannan cuta ta yi yawa, likitocin Jami'ar Tokyo irin su Joji Kitayama da Hironori Ishigami suka ce to a zuba maganin a cikin ɗin kai tsaye. Suna dasa wata 'yar roba mai murfi a ƙarƙashin fatar mara, da siririn bututu da ke sauka can ƙasan ciki. Zaɓin maganin ne ya fi burge ni. Paclitaxel, wanda aka fara samowa daga ɓawon wata bishiya a Amurka, ba ya saurin tsotsuwa cikin jini, don haka yakan daɗe kwance a kan ƙwayoyin cutar. Ba ya kuma yawan manne hanji da hanji, shi ya sa ake iya maimaita shi wata da watanni.

A ranar ɗurin magani ake ganin gwanintar hannu. Sai an fara duba jini tukuna. Idan fararen ƙwayoyin jini sun yi ƙasa, a ɗaga ranar, komai ɗokin majinyaci. Nas za ta laluba robar da yatsu, ta danne ta kada ta goce, ta soka allura ta musamman wadda ba ta yage murfin. Ruwan gishiri zalla take fara sakewa, idonta a kan fatar: in ta kumbura, allura ba ta zauna ba, in ɗigon ya tsaya, bututu ya toshe. Sai ta tabbatar hanya a buɗe take kafin ta haɗa maganin. Tana yi tana tambaya, “Baba, kana iya ɓalle maɓallin rigarka?” Da wannan take gane ko maganin ya fara kashe masa yatsu, abin da ke sa likita rage awo. Ana yin wannan ɗurin a rana ta 1 da ta 8 cikin kowane mako uku, tare da wani kason ta jijiya da ƙwayar S-1 ta haɗiya.

Masu wannan aiki ba su yi masa kwalliya ba. Babban gwajinsu, PHOENIX-GC, da aka wallafa a 2018, ya nuna matsakaicin rayuwar wata 17.7 da wannan hanya, tsohuwar hanyar da ba a zuba magani a ciki kuma wata 15.2, tazarar da ba ta kai a ce an tabbatar da fifiko ba, kuma haka suka rubuta. Amma akwai waɗanda ruwan cikinsu ke ƙafewa su koma cin abinci. Wasu ma idan aka sake leƙa cikin da kyamara sai a tarar ƙullutan sun ɓace, har likita ya ga damar yin tiyatar da a da ba ta yiwuwa.